Na'urar da ya kamata sabon malami ya fara saya

Mai shirin shiga aji a matsayin malami yakan rasa wadda zai fara saya tsakanin kwamfutar cinya, tablet da majigi. Kwamfutar cinya ce kan gaba, kuma ba lallai sai sabuwa dal ba.

Mafi yawan aikin malami ba a gaban allo ake yin sa ba: rubuta shirin darasi, tsara tambayoyin jarrabawa, tattara makin ɗalibai. Duk aikin madannai ne. Kwamfutocin da aka ƙera don ma'aikata, irin su ThinkPad ta Lenovo da Latitude ta Dell, sun fi jure wahala, kuma canza musu batir ko madannai ba ya wuya. A nemi RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai 8GB aƙalla, da ma'ajiya irin ta SSD mai 256GB, domin tsohon faifai mai juyawa shi ke sa kwamfuta nawa wajen tashi, ɗalibai na zaune suna jira. Injinta ya kasance Intel Core i5 zubi na takwas zuwa sama, saboda Windows 11 ba ya karɓar galibin waɗanda suka girme shi, Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Kada a manta da kafar HDMI, inda ake haɗa majigi. Da irin wannan kwamfuta za a iya ɗora manhajar Kiwix a karanta Wikipedia ba intanet, da GeoGebra don lissafi, da gwaje-gwajen kimiyya na PhET.

Tablet ta yi kyau wajen karatu, amma buga tambaya arba'in a kan gilashi azaba ce. Chromebook kuwa, wato kwamfutar cinya mai tsarin Google, rabin ƙarfinta na rataye da intanet.

Majigi ya biyo baya, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Ƙananan nan masu arha sukan rubuta dubban lumens, wato ma'aunin ƙarfin haske, a kwali, alhali ma'aunin gaskiya shi ne ANSI lumens, wanda a wurinsu sau da yawa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Aji mai tagogi da rana yana son kusan 3000. Haka in an ce majigin "yana karɓar" 1080p, wato hoto mai tsabta sosai, ba shi ne yana fitar da shi ba. A tambayi ainihin ƙarfin hotonsa, in ba haka ba ɗalibin benci na baya ba zai iya karanta rubutu ba.

Kwamfutar cinya ta hannu ma sai an bincika. A buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, a gwada ƙarfin da batir ya zo da shi da wanda ya rage masa; in ya faɗi ƙasa da kashi 70, a saka kuɗin sabon batir a lissafi. A shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, a tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai ita, don cire ta wani lokaci sai an canza babban allon ciki. Tambarin i7 da aka manna a jiki ba hujja ba ne, a duba lambar injin daga cikin Windows.

Filash ma akwai jabu: yana nuna 256GB alhali cikinsa bai kai haka ba, in ya cika sai ya riƙa lalata fayiloli shiru. A gwada shi da manhajar H2testw kafin a zuba makin zango a ciki.