Zuwa ga Yaya Alhaji a Maradi, kan maganar Mustang mai buɗaɗɗen rufi

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara, na rubuto ne daga Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa domin in ba ka cikakken bayani kan aikin da ka ɗora mini, wato in nemo maka Ford Mustang mai rufin da ake naɗewa, wadda za ka riƙa zuwa kasuwa da ita kullum, ranar Asabar da Lahadi kuma ka fita shan iska. Ban so in amsa maka da jita-jita ba, shi ya sa na yi hayar irinta na tsawon mako guda, na je aiki da ita, na yi cefane da ita, na kuma hau dutse da ita.

Motar kam ta kai a so ta. Tun shekarar 1964 kamfanin Ford yake ƙera Mustang, kuma a yau ita kaɗai ta rage cikin sa'o'inta, domin an daina ƙera Chevrolet Camaro da Dodge Challenger a ƙarshen 2023, ita Challenger ta zamanin nan ma ba ta fitowa daga masana'anta da buɗaɗɗen rufi. Iri biyu ake yawan samu. Akwai EcoBoost mai silinda huɗu da inji lita 2.3, akwai kuma GT mai silinda takwas da inji lita 5, wadda ƙirarta ta 2018 take da ƙarfin doki 460. Wannan ta biyun ce ka gani a bidiyon da ka turo mini, ita ce mai rurin nan da ake ji a ƙirji tun kafin a ga motar. Sabuwa fil ta haura dalar Amurka dubu 50, wato kusan sefa miliyan 30 tun ba a yi maganar jirgi da duwan ba.

Ranar Asabar da sassafe na nufi yamma na hau hanyar nan ta kan duwatsu da ake kira Blue Ridge Parkway. Na tsaya a gefe, na murɗa hannun da ke saman gilashin gaba, na danna maɓalli, rufin ya naɗe kansa ya kwanta a bayan kujeru kafin in gama gyara zama. Iska mai sanyi da ƙanshin itatuwa ta cika motar, titi sumul babu rami ko ɗaya, inji kuwa ko nishi ba ya yi a hawa. Wallahi, Yaya, a wannan lokacin na gane abin da ya ja hankalinka, kuma ban ga laifin mutumin da ya sha wahalar neman halalinsa ya ce yana son irin wannan jin daɗi ba.

Sai dai daga Litinin zuwa Juma'a na riƙa tuƙa ta da idon mutumin Maradi, ina auna kowane abu da hanyar da kake bi daga Ali Ɗan Sofo zuwa babbar kasuwa. Abu na farko da ya dame ni shi ne kusancinta da ƙasa, domin tsakanin cikinta da titi bai wuce santimita 14 ko makamancin haka ba. A nan ma sai da na riƙa karkata ta in zan shiga wasu wuraren ajiye motoci don kada haɓarta ta gogi siminti. To ina ga layinmu, inda yashi yake kama tayar babur da rani, da damina kuma ruwa ya yanke hanya ya bar kwazazzabo? Tayoyin baya ne kaɗai suke ja, ga su faffaɗa masu siririn gefe, in suka samu yashi sai su haƙa wa kansu rami. Rami guda a hanyar Ɗan Isa ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfenta a lokaci ɗaya.

Rufin kansa, wanda shi ne dalilin sayen, shi ya fi ba ni tunani. Yadi ne mai kauri da aka ɗinka a kan ƙarafa masu gaɓoɓi, injin lantarki yake motsa su, kuma an yi shi ne don ƙasar da ke da watanni masu yawa na iska mai daɗi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, wanda ya buɗe rufi da azahar kansa zai cutar, kujerun fata kuma ba za su taɓu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta shiga kowace gaɓa ta rufin, ta cakuɗa da man da ke ciki ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Abin da ya rage maka shi ne yammacin kwanakin da ruwa ya ɗauke da kuma ƴan makonnin kaka, ka bi kwalta zuwa Tibiri ko ka miƙa hanyar Tasawa bayan la'asar. Wannan lokaci yana da daɗi ƙwarai, amma ka san adadinsa a shekara kafin ka biya kuɗinsa.

Bambancin da ya fi girma tsakanin nan da gida ba a jikin motar yake ba, yana cikin abin da ke kewaye da ita. A nan in fitila ta kunna a gaban direba, kowane shagon kayan gyara zai jona mata na'ura ya karanta maka matsalar, galibi kyauta, kuma abin da aka yi oda da safe yakan iso kafin yamma ko washegari. A Maradi makanikanmu gwanaye ne, na sha gaya wa Amurkawan da nake aiki da su cewa mutumin da zai kwance injin Hilux a gindin bishiya ya mayar da shi ya tashi ba ƙaramin masani ba ne. Amma gwanintarsu a kan Toyota da Fijo take, kuma kayan waɗannan ne suka cika kasuwa daga Maradi har Kano. In na'urar da ke sarrafa giyar Mustang mai hawa goma ta samu matsala, ko injin rufin ya tsaya rufi yana rabin hanya, motar za ta yi makonni a rumfa tana jiran saƙo daga wurina. Baƙin mai kaɗai kusan lita 10 take sha a kowane juye, kuma ba kowane iri take karɓa ba. A cikin gari tana cin wajen lita 15 zuwa 16 a kilomita 100, a doguwar hanya kuma wajen 10. Man matatar SORAZ na gidan mai zai yi mata, amma na kwalba da ake sayarwa a bakin titi kada ya kusance ta ko da wasa.

Sai maganar saye, kuma a nan nake roƙonka ka saurare ni da kyau. Yawancin motocin Amurka masu arha da ake kaiwa ƙasashenmu daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, wato motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya cinye su. Bayan guguwar Helene ta watan Satumban 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a yammacin jihar nan, irin waɗannan motoci sun ƙaru a kasuwa. Ni kaina na je duba wata ja mai kyawun gani a wurin wani dillali, fenti yana ƙyalli, farashi kuma ƙasa da na kowa. Da na ɗaga shimfiɗar but na cusa hannu can ƙasa sai na taɓo busasshen laka, na haska ƙarƙashin kujera na ga ƙusoshi sun yi tsatsa. Ban ce masa komai ba, na yi sallama na tafi. Kowace mota a nan tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake sakawa a shafin intanet na Carfax a ga tarihinta, hannu nawa ta bi, ko ta taɓa haɗari, da ainihin nisan da ta yi. Wannan hidima ce da nake fatan a ce muna da irinta a gida. Ka kuma tuna cewa da mil suke lissafi, saboda haka in ka ga 50,000 a allo, kilomita 80,000 ke nan.

Wajen aikowa, dole a sa ta a kwantena, domin rufin yadi wuƙa ɗaya ce ta raba shi da abin da ke ciki, kuma hukumar kwastan ta nan tana buƙatar takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a loda. Da can ta Kwatano za ta bi, amma ka fi ni sanin halin da iyakar Benin take ciki tun 2023, da yadda kaya suke zagayowa ta Lome da Burkina, da tsawon lokacin da hakan yake ɗauka. A kan babbar mota za a ɗoro ta har Maradi, kada a bar wani direba ya tuƙo ta. Akwai kuma abin da Hajiya ta faɗa mini a waya, wanda na ga gaskiyarta: a halin rashin tsaro da ake ciki ta wajen Madarunfa, motar da babu irinta a gari tana nuna mai ita tun daga nesa.

Shawarata ita ce kada ka sayar da Corolla ɗinka. Ita za ta ci gaba da kai ka kasuwa da kai yara makaranta, tunda kujerun bayan Mustang ko babban yaro ba zai sake a cikinsu ba. In har zuciyarka tana kan Mustang a matsayin mota ta biyu, wadda za ta kwana a rufaffen gareji ta fito ranar hutu, to zan nemo maka GT mai tsabtatacciyar takarda daga 2018 zuwa sama, in haɗo maka a cikin kwantenar da tayoyi biyu, da matatun iska da na mai na shekara biyu, da takalman birki, da ƙaramar na'urar karanta matsala da za ka ba makanikenka. Kafin nan ka aika yaro ofishin duwan a lissafa maka abin da za a biya a kan mai inji lita 5, ka turo mini adadin, sannan in san iyakar farashin da zan tsaya a kai. Akwai wata fara ƙirar 2019 a birnin Shalot, tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan, hannu ɗaya ta bi, kuma na yi alkawari da mai ita zan je in gan ta ranar Asabar mai zuwa. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata saƙonta yana hanya.