Kafin ka sayi kwabo mai kuskuren bugu: wanne ya dace, wanne ne aikin magagari

A masana'antar buga sulalla ana fara yanke faifan ƙarfe, a tayar masa da baki, sannan a buga shi tsakanin hatimi biyu, zobe na riƙe da gefensa. Duk abin da ya lalace a waɗannan matakai shi ne kuskuren bugu, kuma shi masu tara tsofaffin sulalla ke biya wa kuɗi. Abin da ya samu kwabon bayan ya fito kuwa lahani ne, rage masa daraja yake yi. Ka tanadi sikelin masu zinariya mai auna har 0.01 na giram, da gilashi mai ƙara girma sau 10, da maganaɗisu.

In kuɗinka na guda ɗaya ne, sayi wanda bugunsa ya goce. Faifan bai zauna cikin zobe ba, sai hatimi ya kama sashe ɗaya, sauran ya fito sumul kamar jinjirin wata. Nauyinsa cikakke ne, domin ba a cire komai ba. Idan irin mai zane-zane a gefe ne, ba za ka ga zanen ba, tunda zoben ne ke yin sa. Haruffan da ke kusa da gefe sukan ɗan miƙe waje. Mafi daraja shi ne wanda ya goce kusan rabi amma shekararsa na nan. Mai son ƙirƙirar irinsa sai ya goge sashen kwabo, nan take sikeli zai tona shi.

Mai tsagar hatimi, wato siririn layi da ya taso sama, yana da yawa kuma arha ne. Mai rubutu biyu-biyu ba na sabon shiga ba ne: na gaske, irin wasu kwabban Amurka (senti ɗaya) na 1955, haruffansa biyu duk a tashe suke, amma mafi yawan na kasuwa girgizar inji ce kawai, na biyun a baje kamar matakala.

Ha'inci na da yawa a mai gutsuren gefe, don kowa na da almakashin ƙarfe. Juya kwabon ka duba bakin da ke daura da gutsuren. A na gaske yakan yi rauni a can, saboda faifan ya shiga injin tayar da baki a gutsure, kuma rubutun da ke dab da wurin yakan dushe a hankali. In rubutu ya yanke kaf, wurin na ƙyalli, yankan hannu ne. Karce kuma rami ne mai tudun ƙarfe a gefensa, kada a sayar maka da shi da sunan tsagar hatimi.

Wasu kan haɗa kwabo biyu su danna da guduma har rubutun ɗaya ya nutse a juye cikin ɗayan. Duba bayansa: in ya baje, aikin guduma ne. Wanda aka jiƙa a asid yakan sirance, fuskarsa ta yi ƙuraje, nauyi ya ragu.

Kwabon Amurka na 1943 na baƙin ƙarfe ne mai giram 2.7, 'yan kaɗan ne aka buga da tagulla bisa kuskure, masu giram 3.11. Don haka ake shafa wa na ƙarfen ruwan tagulla, ko a sassaƙe 8 ta 1948 ta koma 3. Maganaɗisu na kama na farko, gilashi na kama na biyu.

Anini da kwabon zamanin Turawa da hujinsu aka buga su. Huji a jikin sule ko sisi kuwa na ado ne, leɓensa a tashe. Duk wanda farashinsa ya yi nauyi, nemi wanda kamfanonin tantance sulalla na Amurka, PCGS ko NGC, suka tantance, ka duba lambar shaidarsa a shafinsu na intanet. Mai kayan da ya hana ka ɗora shi a sikeli, bar masa kayansa.