Shagon da Ba a Kiran Kowace Shadda Gezna

Ana saura mako uku babbar salla na shiga babbar kasuwar Gusau neman yadi goma na shadda, domin in ɗinka babbar riga da 'yar ciki da wando, kuma sai da na leƙa shaguna huɗu kafin na zauna a na wani dattijo a layin 'yan yadi. Abin da ya zaunar da ni shi ne amsar da ya bayar sa'ad da na nuna wata shadda ruwan toka mai ɗaukar ido, na tambayi kuɗin geznar. Cewa ya yi, "Malam, wannan ba gezna ba ce, 'yar Sin ce, kada in ci haƙƙinka." A shagunan da na baro kuwa, duk abin da ya yi sheƙi sunansa gezna.

Kalmar ba ta Hausa ba ce tun asali. Sunan kamfanin Getzner ne, wata masaƙa da ke garin Bludenz a yammacin Ostiriya, wadda tarihinta ya faro tun 1818, sai bakin Bahaushe, da ba ya son cunkoson baƙaƙe a tsakiyar kalma, ya sassauta sunan ya koma gezna. Daga nan abin da ya sami Omo da Maggi ya same ta: sunan kamfani ɗaya ya zama sunan kaya, har mutum ya ce ya sayi gezna alhali yadin bai taɓa shaƙar iskar Turai ba. Shadda ita ce kalmar da ta game duka, mai tsada da mai araha. Mutanen Mali da Senegal kuma bazan suke ce mata.

Dattijon ya sa yaronsa ya sauko da ta gaske, ya warware mini bakin yadin inda sunan kamfanin yake. Bai tsaya nan ba, domin a cewarsa hatimi ma ana kwaikwayonsa. Ya zare zare ɗaya daga kowace, ya ƙyasta ashana. Na geznar ya ci wuta ya bar toka mai laushi da warin takarda, alamar auduga ce zalla, na ɗayar kuwa ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar leda. Zanen furannin geznar ma a cikin saƙar yake, ana ganinsa ta ciki da ta waje, kuma idan aka motsa yadin sai ya yi wata ƙara kamar ta sabuwar takardar kuɗi.

Shagon yana da nasa aibin. Ƙunci gare shi, kuma farin ƙwan lantarkin da ke ciki yana ɓata launi, har wadda na ɗauka ruwan madara ce ta zama ruwan ƙwai da na fita da ita rana. Ragin da aka yi mini bai taka kara ya karya ba, kuma da zarar almakashi ya shiga yadi babu zancen mayarwa, abin da ya kamata a faɗa wa mai saye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba.

Na sa rigar ranar idi, na sake sa ta a ɗaurin aure biyu kafin a wanke ta. Bayan wankin sheƙin ya ɗan ja baya, kamar yadda dattijon ya riga ya gaya mini, tare da gargaɗin kada a jiƙa ta ta kwana a ruwan omo. Na kai ta wurin masu bugu, suka shimfiɗa ta a kan itace suka bi ta da sandunan bugu, ta dawo da ƙyallinta. 'Yar Sin ɗin ma na sayi yadi biyar na ɗinka wa ƙanena kaftani, a kan kuɗinta kuma da sunanta.