Sanda ko keke: abin da ya dace a saya wa tsoho a Maraɗi

Yawancinmu sai tsoho ya faɗi muke ruga kasuwa, mu ɗauko abin da muka fara gani. Gara a yi shiri tun Baba yana kai kansa masallaci, ana lura da yadda tafiyarsa ke canjawa, domin abin da ya ishe shi bana ba lalle ya ishe shi baɗi ba.

Sanda ce farkon saye, kuma ita aka fi yin kuskure a kanta. Idan tsoho ya miƙe, hannunsa a sake, kan sandar ya tsaya daidai wuyan hannunsa. In ta fi haka tsawo kafaɗa za ta gaji, in ta gaza sai ya duƙa. Ta ƙarfe mai ramuka ta fi ta icce don ana rage ta ana ƙara ta, amma ta icce mai robar gindi ma ta wadatar, muddin an yanke ta daidai. A riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Mai ƙafa huɗu tana da amfani ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sai dai tana son daɓe ko siminti. A rairayi rawa take yi.

Firam ɗin da ake dafawa da hannu biyu na cikin gida ne. Mai ƙananan tayu nutsewa yake yi a tsakar gida, marar taya kuwa yana buƙatar ƙarfin ɗagawa.

Keken zama, wanda ake tura tsoho a kai, shi ne babban kashe kuɗi, a nan ya kamata a natsu. Irin na asibiti mai naɗewa, wanda ake samu sabo ko gwanjo, yana shiga adaidaita da bayan mota, amma ƙananan tayunsa na gaba ba su san lungunan Bagalam da Mokoyo ba. Mai turawa zai sha wuya, daga baya a jingine keken a ɗaki. In Inna za ta riƙa fita unguwa, a nemi mai faffaɗan tayun gaba. Tayar iska ta fi taushi, ƙaya tana huda ta amma kowane mai faci yana gyara ta. Ta roba zalla ba ta sacewa, sai dai duk gargada a ƙugun tsohuwa take ƙarewa. Ni na fi son ta iska, musamman in girmanta irin na keken hawa ne, don ba a rasa ta a babbar kasuwa.

Kafin a biya, a auna ƙofa. Faɗin yawancin kekuna santimita 60 zuwa 70 ne, ƙofar kuwa tana son kamar 80. A duba zaure, a duba dokin ƙofa. Inda akwai tudu, kowane santimita 10 na tsayi yana son gangara mai tsawon santimita 120. A sa katifar zama mai kyau, domin dogon zama a kan leda cikin zafin Afrilu yana jawo gyambo mai wuyar warkewa.

Keke mai taya uku da masu walda ke haɗawa na masu ƙarfin damtse ne. Mai batir kuwa, da ɗaukewar wuta da ƙarancin masu gyara, ban ba da shawararsa ba.

Da ni ce, kuɗin farko a makewayi zan sa su. Tsuguno da tashi yana yawan kayar da tsofaffi, kuma shi suka fi jin nauyin faɗa wa 'ya'yansu. Kujera mai rami da ƙarfen dafawa a bango, mai walda da magini za su gama su a yini guda. In hali ya yi, a kai tsoho wurin masu gashin ƙashi a asibiti su ga tafiyarsa kafin a sayi keke, shi ma a tambaye shi wanda zai yarda ya hau a gaban mutane.