Bakin Turombon na Denis Wick a Hannun 'Yan Badujalar Makaranta

A cikin kayan badujalar makarantarmu ta kwana da ke wani ƙauye a yankin Ringim, babu abin da ya kai bakin turombon (kayan busa na tagulla mai dogon bututu da ake ja ana turawa don canza sauti) ƙanƙanta, kuma babu wanda aka fi ja-in-ja a kansa kafin a yarda a fitar da kuɗinsa. Ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda mai busa yake ɗora leɓɓansa a kai, amma farashin na kamfanin Denis Wick ya ninka na gama-garin da ake samu a shagunan Sabon Gari, kuma yana hawa duk lokacin da naira ta faɗi, tun da daga Ingila ake kawo shi. Mun sayi iri biyu, mai lamba 6BS da mai lamba 4AL, kuma yanzu da suka ga hunturu da bazara da damina a hannun ɗalibai, ina ganin an kai lokacin da za a iya yi musu hukunci.

Sunan da ke jikin ƙarfen sunan mai busa ne, ba na ɗan kasuwa ba, kuma wannan yana da nasaba da yadda kayan suke. An haifi Denis Wick a garin Braintree na Ingila a shekarar 1931. Ya yi karatu a Royal Academy of Music da ke Landan, ya fara aiki da ƙungiyar makaɗan Bournemouth a 1950, sannan ya koma ƙungiyar makaɗan birnin Birmingham a 1952 a matsayin jagoran masu busa turombon. A can ne ya zama wanda ya fara busa wa jama'a dogon kiɗan da Gordon Jacob ya rubuta domin turombon ya yi jagora sauran kayan kiɗa su bi shi. Daga 1957 har zuwa 1988 shi ne ke kan kujerar farko ta turombon a babbar ƙungiyar makaɗa (okestira) ta London Symphony Orchestra, wato shekara 31, a ƙarƙashin jagorori irin su André Previn da Claudio Abbado, yana kuma koyarwa a makarantar kiɗa ta Guildhall. Ya rasu a watan Fabrairun 2025 yana da shekara 93.

Aikin mai turombon a irin wannan ƙungiya aiki ne na haƙuri. Yawanci su uku ne kacal a sahun baya, cikin makaɗa da kan kai tamanin ko fiye, kuma mutum zai iya zama tsawon lokaci yana ƙirga bugu a zuciyarsa ba tare da ya fitar da sauti ko ɗaya ba, sai kwatsam a buƙaci ya shigo da murya mai cika zaure, ko kuma da wata siririya wadda kuskure kaɗan zai tona asirinta. Zauren Royal Festival Hall, inda ƙungiyarsa ta yi yawancin wasanninta a wancan zamani, ya yi suna wajen rashin amsa kuwwa, har sauti ya kan mutu da zarar ya bar bakin kayan busa. Wannan matsala ce ta sa Wick ya fara tsara bakin busa da zai ba da sauti mai kauri da faɗi ba tare da ya dogara da bangon ɗaki ba, kuma daga nan kamfanin ya samo asali a 1968. Abin da ya ja hankalina ke nan, domin filin faretinmu ba shi da bango ko rufi, sai rairayi da 'yan bishiyoyin dalbejiya a gefe, kuma sauti yana ɓacewa a cikinsa fiye da yadda zai ɓace a kowane zaure.

Lambobin suna da ma'ana, kuma wanda bai fahimce su ba zai yi asarar kuɗinsa. Ƙaramar lamba tana nufin baki mai faɗi, harafin farko yana nuna zurfin ƙoƙon, inda A ya fi B zurfi, harafin ƙarshe kuwa yana nuna kaurin wutsiyar da ake zurawa cikin turombon, L ga mai faɗin bututu, S ga mai siririn bututu. Faɗin cikin 6BS milimita 25.4 ne, na 4AL kuma 26. A takarda bambancin kamar ba komai ba ne, amma leɓe yana jin sa tun daga busar farko.

A wurina 6BS ne ya biya kuɗinsa. Ana samar da sautin turombon ne da karkarwar leɓɓa, kamar yadda mai kakakin sarki yake yi, sai dai shi mai kakaki sauti biyu ko makamancin haka yake nema, mai turombon kuwa yana da matsayi bakwai na jan bututu, kuma a kowane matsayi leɓɓansa ne za su zaɓi sautin da ake so. Bakunan da suka zo tare da turombon ɗinmu suna da gefe mai kaifi-kaifi da ba a goge shi sosai ba, har idan yaro ya gama atisayen yamma sai ka ga jan zobe ya kwanta masa a leɓen sama, yana shafa wurin da bayan hannu. Gefen 6BS a daidaite yake, yana zama a kan leɓe ba tare da ya cije shi ba, kuma iska tana wucewa ba tare da mai busa ya yi ta kokawa da ita ba. Wani ɗalibi ɗan aji biyar, wanda sautinsa na ƙasa kullum yake fitowa a shaƙe, ya ɗora shi ya ja bututu zuwa matsayi na shida, sautin ya fito cikakke har ya sauke turombon ɗin ya dube ni ya ce, "Malam, Allah ya gafarta maka, ashe ba ni ne ban iya ba." Ba zan ce bakin ne ya koya masa busa ba, amma ya ɗauke masa wani shinge da ya daɗe yana tuntuɓe da shi. A faretin ranar yara ta 27 ga Mayu, na tsaya can ƙarshen fili da gangan, kuma a karon farko na iya rarrabe muryar turombon daga cikin rugugin ganguna da bigila.

Maganar 4AL daban ce. Shi ne ya fi shahara a cikin kayan kamfanin, kuma a bakin ƙwararren mai busa yana ba da sauti mai duhu da nauyi irin wanda ake bukata a okestira. Sai dai an yi shi ne domin turombon mai faɗin bututu, irin na kamfanin Conn da Wick kansa ya yi amfani da shi, kuma yana cin iska ƙwarai. Turombon ɗaya tak muke da shi da wannan baki yake shiga, kuma yaron da ke riƙe da shi, duk da ƙarfin ƙirjinsa, ya kan gaji kafin a gama zagaye fili, sautinsa na sama ya fara sauka ƙasa da inda ya kamata. Wannan ba aibin kayan ba ne, domin mutumin da ya tsara shi a zaune yake busa, a cikin inuwa, da huhun da ya shekara da shekaru yana horarwa, ba yana maci a rana da cikin da bai ga komai ba sai kokon safe. Na karɓe shi daga hannun ɗalibai, ni nake amfani da shi idan zan nuna musu irin sautin da ya kamata kunnensu ya saba da shi.

Ta fuskar yanayi, rufin azurfar da ke kan tagullar ya riƙe kansa da kyau, bai ɓare ba bai yi tabo ba, duk da gumi da ƙura. Da asubar hunturu ƙarfen ya kan yi sanyi ƙalau, ga leɓɓa a tsattsage, don haka nake sa yara su ajiye shi a aljihun wando har lokacin busa, su kuma goge man kaɗanyar da suka shafa kafin su ɗora baki. Da bazara kuma kada a kuskura a bar shi a rana ko na ɗan lokaci. Ƙura tana taruwa a maƙogwaronsa, kuma ruwan ɗumi da sabulu da ɗan siririn burushi sun isa su fitar da ita, amma ban da toka ko yashi, waɗanda wasu yaran suka saba wanke kwanon gida da su, domin za su cinye azurfar. Abin da ya fi cutar da shi shi ne faɗuwa a kan siminti, saboda da zarar ƙarshen wutsiyar ya lanƙwashe, ba zai ƙara zama daram a cikin bututu ba.

Wahalar gaske tana wajen saye. Wani dillali da muka fara magana da shi ta waya daga Legas bai san bambancin L da S ba, ya yi ta rantsuwa cewa duk ɗaya ne, kuma akwai jabu a kasuwa masu ɗauke da lambobi irin waɗannan. Na gaskiya yana da nauyi a tafin hannu, rubutun jikinsa a zane yake tsaf, cikin ƙoƙonsa kuma sumul ba tare da layin injin yanka ba. Kafin a tura ko kwabo, a ɗauki hoton tsohon bakin da na ramin da yake shiga a aika wa mai sayarwa, a kuma yi yarjejeniyar canji idan bai shiga ba.

Makarantar da bututun turombon ɗinta yake cijewa ko yake yoyon iska ta fara kai shi wajen mai gyara tukuna, domin babu bakin da zai rufe wannan ɓaraka. Wadda kayanta suke da lafiya kuma take da siririn bututu, kamar yawancin na makarantun Kano da Jigawa, 6BS guda biyu za su ishe ta, a ba manyan ɗalibai, a rubuta sunan wanda ya karɓa a littafin sito, a kuma karɓe su duk ranar da aka tashi hutu.