Motar Murtala a gidan tarihi na Onikan: abin da za ka gani da abin da za ka zo da shi

Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, a tsibirin Legas, an buɗe shi a 1957, kuma bai da nisa da dandalin Tafawa Ɓalewa. Tsofaffin kayan tarihi na Nok da na masarautar Benin na ciki, amma mai neman tarihin Janar Murtala Ramat Muhammed sashen shugabannin Najeriya zai nufa, inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe shi a cikinta ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976.

Kada a yi gaggawa a gaban motar nan. A zagaya ta, a dubi ramukan harsashi a jikinta. Motar ba mai sulke ba ce, kuma ba jerin gwanon masu gadi a bayanta, shi ya sa da cunkoso ya tsayar da ita a Ikoyi, kan hanyar barikin Dodan, fadar gwamnati a lokacin, yaran Laftanar-Kanar Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulki, suka same shi cikin sauƙi. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, shi ma a nan ya rasu. Ko littafi goma ba zai nuna maka wannan kamar yadda ƙarfen motar yake nunawa ba.

Sai dai motar labarin safiya ɗaya kawai take bayarwa, ga shi mutumin ya yi shekara 18 cikin kaki. Nan ne masu ziyara ke yin asara: su ga mutuwar, su fita ba su san sojan ba. Wanda zai kai ɗalibai ya karantar da su tukuna. An haife shi a Kano a 1938, ya yi Kwalejin Barewa, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, ya ƙware a sashen sadarwa, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. A yaƙin basasa shi ya ja Runduna ta 2 da ta ƙwato birnin Benin daga hannun Biyafara a 1967. Kada kuma a ɓoye musu mai ɗacin: kisan fararen hula a Asaba a watan Oktoba na wannan shekara, da yunƙurin tsallaka kogin Kwara zuwa Onica da ya ci sojoji masu yawa, da kwanton ɓaunar da dakarun Biyafara suka yi wa sojojinsa a Abagana a 1968. Bayan haka ne mulkinsa na kwana kusan 200 zai yi ma'ana: jihohi daga 12 zuwa 19, shawarar mayar da babban birni Abuja, da goyon bayan ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA a Angola.

A je da safe kafin hanyoyin tsibirin su cushe. A tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun daga ƙofa, a nemi ɗan rakiya mai bayani, a kuma ware wa wannan sashe akalla rabin sa'a shi kaɗai.