Manhajar bin sawun jirgin ƙasa ta kusa sa ma Inna hawan jini

Tun watan Satumba nake son rubuta wannan, sai jiya da masu manhajar sunka sake cire mini kuɗin wata abin ya dawo mini sabo fil.

Autanmu ne ya samu sukolashif zuwa Hangari. Tikitin da ya fi sauƙi Biyena ta Ostiriya yake sauka, daga nan sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Budafes, tafiyar awa biyu da minti arba'in ko kusa da haka. Yaron da iyakar tafiyarshi Zariya fa, kuma ba shi da layin can, sai intanet na tasha. Shi ne wani abokina ya ce in sauke manhajar nan, in biya na wata ɗaya, zan riƙa ganin jirgin yana tafiya a taswira ina zaune nan Gusau.

Gaskiya da farko abin ya burge ni. Ya turo lambar jirgin kafin ya shiga, na sa, sai ga wani ɗan ɗigo shuɗi ya fito daga Biyena yana jan jiki, ga sunan tashar da ke gaba, ga mintin da ya makara da jan rubutu. Inna ta jawo tabarma ta sa tabarau tana leƙen wayar, ta ce yanzu wannan ɗigon shi ne ɗana? Na ce shi ne Inna. Ta ce ikon Allah, su da can Kaura Namoda sai an ji kukan jirgi ake sanin ya iso, wani lokaci mutane su kwana tasha suna jira. Har maƙwabta sunka shigo kallo, ni kuma ina ta bayani kamar ni na ƙera abin.

To sai munka kai iyaka, wani gari wai Hegyeshalom, kar ma wani ya ce in faɗa da baki. Ɗigon ya tsaya. Na ce tasha ce. Can ya koma ruwan toka, can kuma sai ya ɓace gaba ɗaya, taswira fayau ba komai. Na rufe na buɗe, na canza layi, na sayi wata data duk da ina da ita, na fita ƙofar gida ina ɗaga waya sama, shiru.

Wanda ba ɗan Zamfara ba ba zai gane ba. Mu nan in mota ta yi shiru tsakanin Funtuwa da Tsafe kuma wayar mutum ba ta shiga, ba sai an faɗa maka abin da kowa ke tunani ba. Inna ba ta ce komai ba, carbinta kawai ta ɗauko, kuma wallahi gara ta yi kuka da wannan shirun. Yayarmu ta kira daga Kaura sau huɗu, ni da na tara mutane kallo na rasa bakin magana. Wajen rabin awa muna haka sai ga ɗigon ya ɓullo a Győr, cikin Hangari sosai, shuɗi abinshi, ko a jikinshi.

Da yaron ya isa na ce lafiya kuwa, me ya faru a boda? Ya ce wace boda Yaya, ni dambun naman Inna nake ci, ko fasfo ba wanda ya tambaye ni. Ashe ƙasashen biyu duk suna cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake ƙetare iyakokinsu ba sai an duba fasfo ba, jirgin tsayawar 'yan mintoci ya yi ya wuce.

Wani ɗalibi Bahaushe da ya daɗe can shi ya warware mini. Ya ce kowace ƙasa da nata tsarin lura da jirage, in jirgi ya ƙetare iyaka sai wannan ta saki waccan ta karɓa, manhaja kuma sai ta haɗa bayanan biyu, nan ne ake samun giɓi. Har wutar layin dogon ma ba ɗaya ba ce, Ostiriya bolt 15,000 Hangari 25,000, a nan Hegyeshalom ɗin ake sauyawa. Na gamsu, har na ce zan ba su tauraro huɗu tunda dai jirgin ya tafi daidai kuma lokacin isowar da sunka nuna bai saɓa ba.

Amma da na sake tunani, a'a. Tunda kun san haka na faruwa me zai hana ku rubuta layi ɗaya, jirgi na ƙetare iyaka a ɗan jira? Kuɗi fa na biya, ba kyauta ba. Sannan agogonsu na can ne, lokacin zafinsu suna gabanmu da awa ɗaya, ba inda sunka nuna, na gaya ma Inna zai isa bayan la'asar alhali ana kiran sallah ya sauka. Na tura masu ƙorafi, na'ura ta amsa mini da godiya, shi kenan har yau. Wajen soke biyan kuɗin kuwa an ɓoye shi kamar kuɗin adashe.

Ina ta tunanin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da anka aza harsashinshi a 2021, in an gama aka kawo mana irin wannan, ɗigo ya ɓace a Jibiya, ai sai an kwantar da rabin Katsina asibiti.

Tauraro biyu. Da ɗaya zan ba su, sai dai Inna ta hana ni goge ta, wai in yaron zai zo hutu tana son ta ga ɗigonta, na ce to amma in an kusa boda zan kife wayar.